Yatsu Talatin da Tara

Rufin aji shida ya rufto ne ranar da babu makaranta, don haka kujeru kaɗai suka ji ciwo. Ɗan kwangila ya zo ya tsaya a tsakar fili, ya ɗaga kai ya kalli sauran ajujuwan, ya ce duk sai an kware su, amma aikin mako uku ne. Kowa kuwa ya san makon ɗan kwangila ya fi na sauran bayin Allah tsawo.

Hedimasta ya tara malamai a ofishinsa, ɗaki ɗaya tilo da bai tsage ba. Bai jima da dawowa daga wata bita ta kwana biyu ba, inda ya samo takardar shaida da jaka mai rubutu a jiki, kuma tun daga ranar ba ya gama jimla sai ya sako zamani a ciki.

"Daga yau makaranta ta koma cikin waya," in ji shi. "Kowane malami zai buɗe guruf na ajinsa, ya riƙa tura darasi. Wanda ya ɗaga wa darasi babban yatsa, ya halarta. Wanda bai ɗaga ba, ya yi fashi. Duk ƙarshen mako a turo mini hoton yatsun in ƙirga."

Malama Alli ta ɗaga hannu. Yara ne suka laƙaba mata sunan, don shekara ashirin da bakwai tana koyar da lissafi ba a taɓa ganin gefen mayafinta babu farin alli ba. Ita ce malamar aji shida, masu jarrabawar shiga sakandare a ƙarshen zango.

"Ranka ya daɗe, yaran nan 'yan shekara sha ɗaya ne. Ba su da waya."

"Iyayensu suna da ita."

"Iyayen ai da ita suke fita nema."

"Malama," Hedimasta ya ce, yana murmushin tausayi, "zamani riga ne. Saka ta ake yi."

Haka Malama ta saka rigar, ko da yake ta ji tana matse ta a wuya. Ta kwashe lambobin iyaye arba'in daga rajista, ta zuba su a guruf, ta rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa nan wurin karatu ne kawai. Kafin la'asar an yi barka da shigowa sau sittin. Washegari wata uwa ta sa hoton zannuwan gadon da take sayarwa, wani uba ya yi cigiyar akuyarsa, wani kuma ya turo saƙon da ya ce duk wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga abin da zai gani. A mako na biyu iyaye biyu suka yi faɗa a kan wanda ya tare wa wani hanya da mota, aka kwana uku ana ba su haƙuri. Kullum da safe ana yi wa juna ina kwana da furanni masu ƙyalli, kuma babu mai yarda a riga shi.

A tsakiyar wannan kasuwa Malama take jefa darasinta. Ba ta yi masa riƙon wasa ba. Da safe in ta gama aikin gida, sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma saboda kukan kaji, ta zauna bakin gado da littafi a cinya. Ta kan ma sa mayafi, don ta ce ba ta iya koyarwa kai a buɗe. Sai ta danna wurin ɗaukar murya ta yi minti tara cif tana bayanin rabi da sulusi da kwata, tana tsayawa bayan kowace tambaya kamar yadda take yi a aji, tana jiran amsar da ba za ta zo ba. In ta yi tuntuɓen harshe a minti na takwas, gogewa take yi ta sake daga farko.

Yatsu kuwa suna zuwa. Talatin da tara, kullum, ba ragi. Malama ba za ta ɓoye ba, abin yana yi mata daɗi. A aji na gaske ba ta taɓa samun yara talatin da tara sun fahimci sulusi a rana ɗaya ba.

Lamba ta arba'in ce kaɗai ta tsaya mata a rai. 'Yar tela ce, wata siririyar yarinya mai zama a bencin baya kusa da taga, wadda rubutunta ƙanana ne kamar an jera tururuwa. Tun da aka buɗe guruf, lambar ubanta ba ta taɓa cewa uffan ba. Malama ta kira sau biyu ba a ɗauka ba, abin da bai kamata ya ba ta mamaki ba, don tela ba ya ɗaukar baƙuwar lamba, ya san mai kiran kayansa yake nema. Ta rubuta gargaɗi a guruf, cikin minti goma zannuwan gado suka binne shi. Daga nan ta yi fushi. Ta ce a ranta an yi mata kunnen uwar shegu, kuma yarinyar da take ganin za ta yi abin kirki ce ta fara watsar da ita.

An ce ita wayar da kanta tana iya nuna wanda ya saurari saƙo da wanda bai saurara ba. To, bitar Hedimasta ta kwana biyu ba ta kai wannan shafin ba.

Mijinta ne ya fara tsokano maganar. Mai gyaran agogo ne, yana da tebur a barandar gidan, kuma tun da waya ta fara faɗa wa mutane lokaci sana'arsa ta koma canza batir da maɗauri. Saboda haka ba ya ga maciji da waya, kuma ba ya barin minti ya wuce bai ƙirga shi ba.

"Malama, karatun naki minti nawa ne?"

"Tara."

"Ikon Allah. Na ga kin tura shi takwas da minti biyu. Takwas da minti uku yatsu ashirin da shida sun shigo. Yaran bana akwai kai."

"Kai dai ka ji da agogunanka," ta ce. Amma maganar ta zauna mata.

Ana haka, wata Talata ta gama darasi ta manta ba ta tura ba, ta jefa wayar a aljihun riga ta shiga kicin. Yadda aka yi aka yi, darasin ya goge, wayar ta ɗauki wani sabo ta aika wa guruf da kanta. Minti shida ne na tafasar tukunyar wake, da ƙarar murfi, da muryar Malama tana korar kyanwa, sai kuma musu mai zafi tsakaninta da maigida a kan ko gishiri ya ji. Ba ta lura ba sai bayan azahar. Ta buɗe wayar tana shirin neman gafarar iyayen yara.

Yatsu talatin da tara ta tarar. A ƙarƙashinsu wani uba ya rubuta: "Mun ƙaru ƙwarai, Malama. Allah ya ƙara basira."

Maigida ya yi dariya har sai da ya cire gilashin idonsa ya share hawaye. Malama ba ta yi ba. Ta zauna a kan kujerar kicin tana tuna safiya talatin da wani abu da ta yi tana magana da bango.

Kwana biyu bayan haka Hedimasta ya kira ta ofis. Rufin makaranta yana nan a kware, an shiga mako na goma na aikin mako uku. Ya juyo mata da wata takarda.

"Ranar Litinin zan tura sunayen masu jarrabawa. Daga sama an ce sai wanda ya halarci kashi uku cikin huɗu na darussa. Ajinki ya yi kyau, sai dai lamba arba'in." Ya ɗora biro a kan layin. "Sifili. Ko sau ɗaya ba ta zo ba."

"Ina za ta zo, ranka ya daɗe? Babu inda ake zuwa."

"Ba ta ɗaga yatsa ba. Zan cire ta, ta maimaita aji shida baɗi."

Malama ta san abin da maimaita aji yake nufi ga yarinyar da ke bencin baya. Yawancinsu ba sa dawowa. Duk da fushin da take yi da ita, sai ta ji abin ya soke ta. Ta roƙi a bar takardar zuwa Litinin ɗin, Hedimasta ya ɗaga kafaɗa ya ce ai dama sai Litinin.

Da ta koma gida ta rufe ɗaki, ta sa mayafi, ta ɗauki darasi na talatin da shida. Ta yi bayanin yadda ake tara sulusi da kwata a tsanake. Da ta kai minti na shida, ba tare da ta canza murya ba, ta ce: "Duk yaron da ya ji wannan, ya zo gidana jibi Asabar da ƙarfe goma na safe. Gida mai koren ƙofa, bayan famfon unguwa, inda ake gyaran agogo. Za mu yanka lemo mu ga sulusi da idonmu." Ta ci gaba da lissafinta har minti tara ya cika. Ta tura. Yatsu suka zubo kamar kullum.

Ranar Asabar ta share tsakar gida tun da sassafe. Ta aro tabarmi huɗu a maƙwabta, ta jera lemo arba'in a babban faranti, ta wasa wuƙa. Maigida ya leƙo ya ga lemon, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskarta, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Goma saura minti biyar aka yi sallama. Wani dogon mutum ne ramamme, da tef ɗin awo rataye a wuya da zare maƙale a hularsa, ya tuɓe takalmi tun daga bakin baranda. A bayansa wata siririyar yarinya ce rungume da littattafai uku. Malama ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallon lamba arba'in.

"Malama, barka da hutawa," in ji tela, ya ɗan rusuna. "Kin ce goma. Na ce gara mu jira ki da ki jira mu."

Ta ba su tabarma. Yarinyar ta gaishe ta a durƙushe, ta dubi tabarmi huɗu da tulin lemo, ta tambaya a hankali, "Malama, sauran fa?"

"Suna hanya," Malama ta ce. "Miƙo littattafan nan in gani."

Ta buɗe na farko. Darasi na ɗaya, da kwanan wata a sama, da tambayoyi biyar, da amsoshinsu cikin ƙananan rubutun nan. Darasi na biyu haka. Ta yi ta buɗawa, littafi na farko ya ƙare, ta shiga na biyu. Inda yarinyar ta yi kuskure ta ja layi ɗaya ta gyara a gefe. A tsakanin shafuka akwai guntayen takardar da tela ke yanka samfurin riga, an cika su da lissafi da shuɗin allin ɗinki.

"In saƙonki ya shigo, kashe keken ɗinki nake yi," tela ya ce. "In ajiye wayar a kan teburin yanka, Uwata, 'yar nan tawa, ta zauna da littafinta. Wanda ya zo karɓar ɗinki ya jira, minti tara ba ya kashe mutum. Ni kaina na ƙaru. Shekara talatin ina yanka yadi ɗaya da kwata, ban san akwai yadda ake rubuta shi ba."

Malama ta kai shafin ranar Talata. Yarinyar ta rubuta kwanan wata, a ƙasa ta sa: Yau Malama ta dafa wake. Babu aikin gida.

"Wannan ma kun saurara?"

"Har ƙarshe, ko da tambaya a ciki." Tela ya sunkuyar da kai. "Ki gafarce ni, Malama, amma a maganar gishirin nan ina bayan maigida."

Daga baranda aka ji maigida ya ce, "Allah ya yi maka albarka!"

Malama ta so ta yi dariya, amma ta kasa. Kunya ce ta kama ta, ta yarinyar da ta yi wata biyu tana zargi a ranta. Ta rufe littafin ta ce, "To don Allah, me ya hana ku ɗaga yatsa? Hedimasta bai rubuta ba tun ranar farko?"

Tela ya gyara zama, fuskarsa ta canza.

"Na gani. Na ce wannan na masu yi ne. Malama, ni ban yi karatu mai nisa ba, amma wanda ya koya mini ɗinki, har ya bar duniya ban taɓa nuna shi da yatsa ba. Yanzu a ce malama ta gama zuba wa yarinya ilimi, ita kuma ta miƙo mata yatsa kamar direba ya ga abokinsa a titi? Ban tarbiyyantar da Uwata haka ba. In babba yana magana, shiru ake yi a saurara."

"Gargaɗin da na rubuta fa? Da kiran da na yi?"

"Rubutun nan ya yi yawa, na ɗauka duk na masu zannuwan gado ne. Muryarki kawai nake nema. Kira kuwa..." Ya sosa ƙeya. "Kin san sana'ar tamu."

Agogunan maigida goma sha biyu suka yarda a tsakaninsu cewa sha ɗaya ta yi. Babu wanda ya ƙara yin sallama. Yarinyar ta daina duban ƙofa. Malama ta yanka lemo ɗaya gida uku, ta ba ta sulusi, ta ba ubanta sulusi, sannan ta gaya musu abin da ke cikin takardar Hedimasta, da abin da zai faru ranar Litinin.

Tela ya ajiye nasa sulusin. Ya dubi littattafai ukun, ya dubi 'yarsa.

"A kai masa waɗannan ya gani mana."

"Ba littafi yake ƙirgawa ba."

"Wato wanda ya yi karatun bai zo ba, wanda ya latsa waya a kan babur shi ne ya zo."

"Haka fom ɗin ya ce."

Sulusin lemon yarinyar yana hannunta ba ta sha ba, idonta ya cika taf. Tela ya zaro wayar daga aljihu, tsohuwa ce mai tsagaggen gilashi, an ɗaure bayanta da roba. Ya juya ta a hannu, ya juya, ya kasa.

"Malama, hannuna ba zai iya ba. Nata ma ban yarda ba."

"Kawo nan," in ji Malama.

Ta sa gilashin karatu. Aikin bai zo da sauƙi ba, don sai da ta koma can farkon guruf, ta ratsa ta cikin barka da shigowa, da akuyar da ta ɓata, da faɗan mota, da furanni masu ƙyalli, tana tono muryarta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta samu sai ta danne ta da ɗan yatsanta da alli ya busar, ta zaɓi babban yatsa, ta miƙa wa kanta. Tela ya kawar da kai yana kallon bango kamar ana yi wa wani tsirara. Da ta zo kan na wake ta ɗan tsaya, sannan shi ma ta ɗaga masa. Sau talatin da shida ta yi, aka kira azahar tana kan na ƙarshe.

Suka tafi da lemo goma a leda. Sauran aka rarraba wa maƙwabtan da suka ba da aron tabarmi.

Ranar Litinin Hedimasta ya tara malamai, ya ɗaga hoton yatsun da ya sa aka buga masa a takarda mai kala.

"Arba'in bisa arba'in! Ku duba Malama Alli, wadda ta fi kowa gardama ranar farko. Yau ita ce ta ɗaya a makarantar nan. Na gaya muku zamani riga ne." Aka tafa mata. Ya sa hannu a takardar jarrabawa da sunan 'yar tela a layi na arba'in.

Da aka watse Malama ta tsaya. Ta gaya masa zancen wake, da na lemo, da tabarmi huɗu da mutum biyu suka zauna a kai. Ta ce saura mako uku jarrabawa, kuma yara talatin da tara ba su ji ko kalma ɗaya ba tun da rufi ya faɗi. Hedimasta ya saurara da kyau, har yana gyaɗa kai. Sannan ya juya fom ɗin gaba da baya, ya duba shi sosai.

"Malama, babu gurbin da za a rubuta wannan."

Ta dawo gida ba ta cire mayafi ba. Ta zauna a baranda kusa da teburin maigida, ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta kuma faɗa da murya a taƙaice yadda ko mai sauri zai ji: daga gobe, ƙarfe takwas na safe, kowa ya turo ɗansa gidanta da littafi da biro, za a yi karatu a tsakar gida har ranar jarrabawa, don Allah kada a ɗaga yatsa, a turo yaran kawai.

Ta tura. Maigida ya dubi agogon hannunsa.

"Daƙiƙa hamsin," ya ce. "Nawa suka shigo?"

"Talatin da tara."

Ta gangara ƙasa a hankali ta nemo lamba arba'in. Babu yatsa, babu ko ɗigo. Ta kife wayar a kan tebur, ta miƙe tana gyara mayafi.

"In ka ga maƙwabta ka ce a sake ara mana tabarmin nan," ta ce. "Kuma ka nemo mini alli. Gobe akwai makaranta."